Badon da Dije Ta Ɓoye

Bayan gidanmu na Ƙofa akwai wani kududdufi da ake kira kududdufin Inna. Ba ita ta haƙa shi ba. Ramin da aka ɗebi ƙasar ginin gidan ne tun kafin a haifi mahaifinmu, ruwan damina ya riƙa taruwa a ciki. Bado ne ya sa aka laƙaba mata shi. Ranar da aka kawo ta daga Fakuwa tana amarya, cikin kayanta har da wata 'yar tukunya cike da busasshiyar laka. Dangin miji suka yi ta dariya, wai an kawo musu amarya da garar ƙasa. A cikin lakar akwai saiwar bado daga tabkin mahaifinta. Da ruwa ya sauka ta shiga kududdufin ta dasa, kuma tun daga wannan damina bado bai ƙara yankewa a wurin ba. Tabkin mahaifin nata daga baya yashi ya cike shi, aka mai da shi gonar dawa. Saura na bayan gidanmu ke nan.

Inna kakarmu ce, mahaifiyar babanmu. Ni da yayata Dije a ɗakinta muka tashi. Dije ta girme ni da shekara uku, ta kuma fi ni baki da ƙarfin hali. Ni Inna ke kira maigida, tana cewa ba ta taɓa ganin miji irina ba, wanda bai san hanyar kasuwa ba amma ya san lokacin da aka sauke tukunya. Dije kuwa uwar rowa take ce mata, domin duk abin da aka ba ta sai ta ci rabi ta ƙulle rabi a bakin zane.

Mutane da yawa sun ɗauka bado ciyawar ruwa ce da ke fitowa da kanta. A wasu wurare haka ne. Na Inna kuwa kula ake yi da shi kamar gona. Tana hana shanu shiga ta gefen da ya fi yawa, tana cire kainuwa kafin ta rufe ruwan, tana hana mata wanki da sabulu a ciki. Furen fari ne, yana buɗewa da almuru ya rufe da hantsi. Idan ya yi kwana uku ko huɗu sai karan ya lanƙwashe ya ja shi ƙarƙashin ruwa, a can ƙwallon ke girma har ya nuna. Shi ya sa ba da ido ake tsinkar bado ba, da ƙafa ake lalubensa. Inna takan ɗaure zane a ƙirji ta shiga har ƙugu, Dije na biye da ita tana tura ƙwarya a kan ruwa. Ni ban taɓa wuce gwiwa ba, saboda tsoron matsattsaku, kuma sun daɗe suna yi mini dariya a kan haka.

Ƙwallayen da suka tsinko sai Inna ta rufe su a tsohuwar tukunya na 'yan kwanaki har ɓawon ya ruɓe, sannan ta wanke su a ƙwarya, tsabar ta kwanta a ƙasa, ƙanana ƙwarai, ba su kai gero ba. Ta shanya a tabarma, ta surfa, ta turara kamar dambu, ta zuba man gyaɗa da garin ƙuli-ƙuli. Saiwar kuma sai ƙarshen sanyi ake samunta, idan ruwa ya janye laka ta tsage. Dunƙulalliya ce, baƙa, kamar ƙaramin gwaza. A toka ake gasa ta. Tana da ɗan bauri, amma ga yaro mai jin yunwa bayan makarantar allo ba abin da ya kai ta. Inna tana cewa badon wasu tabkuna ɗaci gare shi, nata ne kaɗai mai zaƙi. Na ci na wurare da dama bayan na girma, kuma gaskiya ban iya bambancewa ba.

A kwanakin sanyi, da an idar da sallar isha'i, mukan taru a ɗakinta. Tana da wani kasko mai tsagaggen baki da take hura wuta a ciki da kara da 'yan itatuwa. Takan zauna a bakin gado ta miƙe ƙafafu wajen wutar, mu kuma a kan buzu. Ba ta fara tatsuniya sai ta ƙwanƙwasa kaskon da tsinken kara sau biyu ta ce, "Ga wata ta taso, wa zai tare ta?" Mu ce mu ne, ta zo ta zauna. Idan ta gama sai ta ce ta sauke ta nan, mai so shi ɗauka. Tatsuniyoyin da yawa na manta su, wasu kuma sun cakuɗe da waɗanda na ji a wasu gidaje. Guda ɗaya ce ta tsaya mini daram, kuma na san dalili.

Shekarar ina da kamar bakwai, Baffa, ƙanin babanmu, ya ce za a sake ginin zaure da katangar gida, kuma daga kududdufi za a ɗebi ƙasa da zarar ya bushe. Inna ta ce a bar mata gefen gabas, aka ce to. Ta san ba za a bari ba. Kafin magina su zo sai ta ɗauki fartanya ta je ta tono saiwoyi masu kyau, ta zaɓi masu lafiyayyen ido, ta binne su cikin busasshiyar laka a wata fasasshiyar tukunya ta tura ƙarƙashin gado. Magina suka zo suka yashe ramin har ya fi tsayin mutum zurfi, gabas da yamma duka. Inna ta leƙa ta dawo ta ce to, badonta ya shiga bangon zaure, Allah Ya sa kada ya yi fure a kan baƙi.

Wani maraice ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta, ta bar mu da wuta. Dije ce ta jawo tukunyar. Ni kuma ni na tura saiwoyin cikin toka. Na faɗi haka ne don kada a ɗora mata laifin ita kaɗai. Mun san iri ne, an faɗa mana. Muka ce ɗaya-ɗaya kawai za mu ci, sai muka ƙara, har hannuna ya taɓa gindin tukunya bai sami komai ba sai ɓarɓashin laka. Muka mai da tukunyar wurinta muka share baki.

Da Inna ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa tana shaƙar iska. Ta durƙusa ta jawo tukunyar, ta sa hannu ta juya lakar, ta mayar. Muna jiran duka. Ba ta ko kalle mu ba. Ta yi sallarta, ta zauna a bakin gado kamar kullum, ta ɗauki tsinken kara ta ƙwanƙwasa kasko sau biyu. Muryarmu da ƙyar ta fita da muka amsa.

Ta ce an yi wani gari mai tabki ɗaya, sai aka yi shekarar da ruwa ya ƙi sauka. Hatsi ya ƙare, mutane suka koma ga bado. Suka cinye tsabar, suka cinye karan, da tabkin ya ƙafe suka bi laka da fartanya suna tonon saiwa har ba a bar ko ɗaya ba. Wata tsohuwa ce kaɗai ta rage guda. Ta kira jikanta, wani saurayi, ta ba shi ta ce ya tafi da ita duk inda ya sami ruwa ya dasa, in an kwana biyu gari ya sami iri. Ya sa a aljihu ya kama hanya.

Ya yi tafiyar yini bai gamu da kowa ba, ba kura ba ɓarawo. Abokin tafiyarsa ɗaya ne, cikinsa. Inna ta iya muryar cikin nan, takan matse hanci ta yi magana a hankali kamar mai ba da shawarar kirki. "Maigida, ni fa ban ce ka ci ba. Ka dai lasa, mu ji ko ta lalace, kada mu yi ta ɗaukar ruɓaɓɓen abu." Saurayi ya lasa. Da aka jima ciki ya ce ai ɓawon ba shi da amfani wajen shuka, a rage wa aljihu nauyi. Ya ɓare ya ci. Can kuma ciki ya ce tsohuwa ba ta faɗi girman da ake bukata ba, rabi ma zai tsiro. Haka dai, da lalama, ba tare da an ɗaga murya ba. Da rana ta yi gora sai ga shi a bakin wani babban tabki mai ruwa fal. Ya sa hannu a aljihu, ba komai. Ya zauna a bakin ruwan. Mutanen garinsu kuwa har yau ba su ƙara ganin bado ba, jikokinsu ko sunansa ba su sani ba.

Ta ce ta sauke ta nan. Ba ta ce mai so shi ɗauka ba.

Ni na fara kuka a hankali. Dije ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon kasko, sannan ta juya mana baya ta kwance bakin zanenta, ta miƙa wa Inna wani abu. Saiwa ce guda, ɗanya, 'yar ƙarama. Tun kafin in fara turawa cikin toka ta zare ta, da niyyar gobe ta gasa ta ci ita kaɗai ba tare da na sani ba.

Inna ta kai ta kusa da wuta ta juya ta, ta shafa idon da babban yatsa. Ta ce, "Uwar rowa, mi kika so ki yi da wannan?" Dije ta faɗi gaskiya. Inna ta yi dariya har da tari, ta ce yau rowa ta yi rana. Sai ta sake ɗaukar tsinken kara ta ƙwanƙwasa kasko.

"Ashe ban gama ba, tsufa ne. Saurayin nan yana da ƙanwa."

Ta ce ƙanwar tun a gida ta ga lokacin da aka ba shi saiwar, ta san halin yayanta da cikinsa, sai ta ɓalle wani ɗan ƙaramin tsiro da ke manne a jikin saiwar ta ƙulle a zane, ta biyo shi daga nesa. Da ta iske shi zaune a bakin tabki sai ta shiga ruwa ta dasa. Dije ta ce ai a tatsuniyar ya kamata ta zama yaya, ba ƙanwa ba. Inna ta ce tatsuniyarta ce, wanda bai gamsu ba ya yi tasa.

Da damina ta kama, ruwa ya fara taruwa a sabon ramin, muka je dashe mu uku. Inna ta kwaɓa laka mai danƙo da tsohon takin shanu, ta lulluɓe saiwar ta bar idon a sama. Ta ce ba a kai ta tsakiya, zurfi zai kashe ta kafin ganye ya kai ga haske. A gefe ake dasawa, inda ruwa bai wuce ƙwauri ba kuma rana na bugawa tun safe, in ya so ruwa na ƙaruwa karan na binsa. Ta ba Dije dunƙulen ta ce ita za ta taka. Dije ta ajiye shi a ƙasan ruwa ta danna da diddige. Bayan kwana goma sha wani abu ganye ɗaya ya taso, ja-ja, bai kai tafin hannuna ba. Kafin shekara uku bado ya sake rufe gefen gabas. Daga nan duk lokacin da Inna ta ba da wannan tatsuniya da ƙanwar take bayarwa, kamar dama can haka take.

Inna ta rasu ina ajin ƙarshe na firamare. Dije ta yi aure a nan cikin Ƙofa, gida huɗu tsakaninta da namu, kuma ita ta ci gaba da kula da kududdufin. Ni aka kai ni Kankia koyon ɗinki, na zauna a can, na buɗe shago, na yi iyali. Duk kaka sai ta aiko mini da tsabar bado a leda ta hannun mai mashin, da saƙon cewa a ba matsoracin matsattsaku.

Bara, cikin azumi, ta kira ni a waya. Ta daɗe ba ta da lafiya, amma ba maganar da ta sa ta kira ba ke nan. Ta ce 'ya'yan Baffa za su cike kududdufin su yi ɗakuna, an riga an yi magana da mai tifa, bayan salla za a fara. Ba ta ga laifinsu ba, gida ya cika, ga sauro, ga yara ƙanana. Ta ce in zo in tono saiwa tun laka na a bushe, ita ba ta da ƙarfin riƙe fartanya. Na ce mata to. Wanda ya san shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san yadda nake. Na ce bari in sallami ɗinkin salla. Ta ce, "Sa'idu, cikinka ne ke magana ko kai?" Muka yi dariya. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Kwana huɗu bayan salla Allah Ya karɓi abarSa.

Na yi kwana bakwai a Ƙofa ana karɓar gaisuwa. Kududdufin na nan a bayan gida, a bushe, taku kaɗan daga inda nake zaune. Ban tuna da shi ba ko sau ɗaya. Da na dawo sadakar arba'in na zagaya baya, sai na tarar da jar ƙasa shimfiɗe, an ja igiya an kafa turaku. Na tsaya na ɗan lokaci, na koma cikin mutane. Ban yi wa kowa maganar ba, domin ba wanda ya yi laifi a ciki sai wanda aka aika bai je ba.

Dije ta bar ɗiya ɗaya mace, Ma'u, mai shekara tara. Mahaifinta ya yarda ta dawo wurina ta yi makaranta tare da yarana. Ta zo da jakar kaya da wani tsohon gwangwanin madara da ta ƙi bari kowa ya riƙe mata. Ranar da ruwan farko ya sauka ta same ni a tsakar gida ta ajiye shi a gabana. Ta ce, "Kawu, Umma ta ce in ba ka, amma sai ruwa ya sauka. Ta ce in an ba ka da wuri za ka ajiye ka manta." Na buɗe. Busasshiyar laka ce, da saiwa uku a ciki. Ma'u ta ce ana saura kwana biyu salla uwarta ta fita da sassafe da fartanya, ta daɗe, ta dawo tana haki ƙafafu duk ƙura, babanta ya yi ta faɗa. Ba ta gaya masa inda ta je ba.

Ba ni da kududdufi a Kankia. Na sa aka yanka mini duro gida biyu, na je fadama na ɗebo laka mai danƙo, na nemo tsohon taki. Saiwa biyu na fara dasawa, kuma na yi kuskure. Na cika rabin duron da ruwa har baki, na kuma ajiye shi a inuwar bishiyar bedi don kada ruwan ya yi zafi. Na jira mako uku. Da na sa hannu na lalubo, sun zama taɓo. A daren ban ci abinci ba. Da safe na zauna na bi abin da Inna ta yi a ranar dashe ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tilawa, sai na ga inda na kauce. Na jawo ɗaya rabin duron tsakiyar gida inda rana ke bugawa, na lulluɓe ta ƙarshen da laka na bar idon a sama, na zuba ruwa kamu ɗaya kawai. Na ce wa Ma'u ta cire takalmi ta shiga ta danna da diddige. Ta tambaye ni dalili, na ce haka ake yi.

Ranar sha biyu ita ta fara gani. Ba ta yi ihu ba, ta zo shago ta tsaya a gefen keken ɗinki har na ɗaga kai, ta ce ganye ya fito. Muka riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan yana bi. Kafin ƙarshen damina ya yi fure biyu. Matata ta ce ba ta taɓa ganin namiji da gemu yana gadin fure da almuru ba.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce kawai, cewa kada a ci iri. Da na girma na gane a daren Inna ta ƙirƙire ta, daga ƙamshin tokar da ta shaƙa a bakin ƙofa, kuma ƙarshen farko shi ne ainihin abin da ta zata ya faru da ita. Ta ɗauka abin da ta ɗauko daga gidan ubanta ya ƙare a cikin jikokinta, amma ta zauna ta ba mu labari maimakon ta ɗauki bulala. Yanzu kuma abin da na fi tunawa shi ne saurayin bai yi niyyar cin amana ba. Bai taɓa cewa ba zai dasa ba. Kowane lokaci uzurinsa mai kyau ne, kamar ɗinkin salla. Sau biyu ina zama a bakin ruwa da aljihu wayam, sau biyu kuma mutum ɗaya ce ta biyo ni daga nesa da abu ƙulle a zane. Ba za ta sake biyowa ba.

Ma'u ta san tatsuniyar, uwarta ta ba ta, kuma a wurinta yaya ce ta ceci gari, ba ƙanwa ba. Ban gyara mata ba.

Da sanyin bana ya wuce na bar ruwan duron ya ƙafe kamar yadda kududdufi ke yi. Na tona na sami saiwa biyar. Yara suka kewaye ni suna so a gasa. Na ba su biyu, na mai da biyu cikin laka. Ta biyar ɗin na jira har kowa ya watse, na sa ta a gwangwanin madarar nan na rufe. Ban gaya wa kowa inda na ajiye shi ba, kuma ba zan rubuta a nan ba.